Kafin ka taɓa sukurun kafireto, duba tiyo da matatar mai

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da abokan sana'ata, masu injin yankan icce, da kanikawan da muke kai wa gyara. Bazara ta kusa ƙarewa, hadari ya fara haɗowa daga gabas, kuma duk wanda ya zauna Sakkwato ya san iskar farkon damina ba ta wucewa sai ta kwantar da dogon yaro a kan katangar wani, ko ta jefa reshe a kan wayar wuta. Lokacin aikinmu ke nan. A 'yan makonnin nan ne kowa ke jawo injin da ya jefa bayan ƙofa tun bara, ya ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, injin ya ƙi tashi, sai ka ji an ce kafireto ne, wato abin da ke haɗa wa injin mai da iska, a ɗauko sukundireba.

Na fi shekara ashirin ina wannan aiki. Sassabe rassan da suka hau rufin mutane da yanka abin da iska ta kayar su ne abincina. Ba na kayar da icce mai rai don a yi gawayi, kuma ina roƙon 'yan'uwana su ji tsoron Allah a kan wannan, domin mu da ke bakin hamada mun fi kowa sanin darajar inuwa. Injin da nake aiki da shi tsohon Stihl 038 ne, na gaje shi daga maigidana da ya koya mini sana'a, Allah Ya jiƙansa da rahama. Abin da ya same shi bara ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar ina fama da zazzaɓi, sai aka kira aiki a wajen Kware, wani ƙaton dogon yaro ya faɗi ya tare hanyar gona. Na tura ɗan ƙanwata da ke koyon aiki a hannuna. Ya ce da farko injin ya tashi lafiya, amma da ya ɗora shi a kan icce ya ba shi wuta sai ya riƙa shaƙewa kamar zai mutu, in ya saki totur ya farfaɗo. Akwai mai gyaran babur a bakin titi, ya kai masa. Mutumin bai buɗe komai ba, ya zura sukundireba ya ɗaure sukurun kafireto da aka rubuta H a jikinsa, wanda ke auna man babbar wuta, ƙarar injin ta yi sama, ta yi siriri, har mutanen wurin suna cewa ai yanzu ya saitu. Ya ƙara da cewa ko mai ma zai rage sha. Yaron ya koma ya yi yanka bai fi na minti ashirin ba, injin ya tsaya cak, igiya ta ƙi jawuwa.

Da magariba ya shigo yana riƙe da shi kamar gawa. Ya ce, "Kawu, wallahi lahiya lau yaka yi, ƙaratai ma ta hi ta da daɗi, sai kawai yat tsaya." Ban ce masa komai ba. Da safe na kwance salansa na haska tocila ta ƙofar hayaƙi. Fistin ɗin ya yi zane-zane daga sama har ƙasa kamar an ja shi a kan tsakuwa, ringi ya manne a cikin raminsa, narkakken alminiyum na fistin ya shafe a bangon silinda. Daga nan na lanƙwasa waya na zaro matatar mai daga cikin tanki. Ta yi baƙi ƙirin, ta toshe da laka. Na ja tiyon man a hankali na lanƙwasa shi a gaban hasken rana, sai ga tsaga kamar ta faso a daidai inda yake fita daga tanki. Ciwon ke nan gaba ɗaya: matata da ɗan tiyon da bai kai tsawon yatsa biyu ba. Injin yunwar mai yake yi, aka zo aka ƙara rage masa. Garin gyaran gira aka rasa ido. Mako uku na yi ba aiki a tsakiyar kakar sana'a kafin in haɗa kuɗin fistin da silinda.

Ban zo cin mutuncin masu gyaran babur ba, da yawansu sun fi ni sanin inji. Sai dai kafireton babur da na injin ban ruwa daban, na injin yankan icce daban. Na babur yana da ɗan kofi a ƙasa inda mai ke taruwa, da abin da ke yawo a kan man yana buɗe allura yana rufewa, shi ya sa in babur ya faɗi mai ke zuba. Injinmu kuwa a kwance yake aiki, a tsaye, a karkace, wani lokaci kai ƙasa a saman bishiya, don haka ba a yi masa kofi ba. Abin da ke cikinsa 'yan siraran robobi biyu ne masu kama da tantani, kanikawa na ce musu dayafuram. Ta farko famfo ce: duk hawa da saukar fistin iska na bugawa daga cikin injin ta wani ɗan tiyo, ita ke kaɗa robar ta zuƙo mai daga tanki. Ta biyun ita ke auna man, tana danna wani ɗan ƙarfe da ke ɗaga allura gwargwadon abin da injin ya nema. Kamfanonin da suka shahara da ƙera irin wannan kafireto su ne Walbro da Zama da Tillotson, kuma injina 'yan Caina masu lamba 5200 da 5800 da suka cika kasuwa yanzu duk wannan tsarin suka kwaikwaya.

Ga abin da ya fi muhimmanci, kuma shi ne maigidana ya fara cusa mini tun ban iya wasa sarƙa ba. Yakan ce, "Yaro, wanga inji bai da tukunyar baƙin mai awa mota. Abin da kaz zuba cikin tanki, shi na abincinai, shi na man shafawatai." Man shafawar da ke kare fistin, wato man 2T, a gauraye yake da fetur, tare suke bi ta kafireto. Duk wanda ya ɗaure H don ya rage shan fetur, ya rage man shafawa ke nan, ya kuma ƙara zafi, a injin da ke juyi wajen sau 12,000 a minti ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba, wannan ɗabi'a ta ɗaure H ta yaɗu a cikinmu. Na fahimci dalilin, ni ma aljihuna na ji. Amma abin da za ka tsimi a wata shida bai kai kuɗin silinda ɗaya ba.

Yanzu in inji ya zo hannuna yana shaƙewa, ko ya tashi ya mutu, kafireto shi ne na ƙarshe da nake taɓawa. Man da ke tanki nake fara juyewa a farar kwalba in ɗaga. In akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa kamar ƙwayar ido. In man ya kwana biyu, warinsa na canzawa ya koma kamar na fenti. Fetur ɗin da aka gauraya ba a son ya wuce kwana 30, kuma a zafinmu na Afrilu da ke haye digiri 40 ba ya ma kai haka, domin mai saurin kamawar cikinsa ke fara tashi ya bar danƙo. Wannan danƙon ne ke bushewa a cikin ƙananan ramuka ya sa robobin su ƙandare. Shi ya sa injin da aka ajiye da mai a ciki tun bara ba zai tashi bana ba. In za ka ajiye inji, juye tankin, ka tayar da shi a silo, wato ba ka danna totur ba, har ya mutu da kansa. Aikin minti biyar ne.

Sai maganar inda muke sayen man. A ƙauye sau da yawa ba gidan mai kusa, dole ka saya a galan a bakin hanya. Akwai masu amana a cikinsu, akwai kuma mai haɗa shi da kananzir ko ya zuba a jarkar da ƙura ta cika. Kafin in gauraya, nakan ɗiga kaɗan a kan farar takarda. Fetur zalla yana bushewa nan da nan bai bar komai ba, mai kananzir kuwa sai ya bar tabon maiƙo. Ina kuma tace shi da tsaftataccen ƙyalle. Wajen gauraya, ku daina awo da ido ko da murfin kwalba. Sirinji ya fi. In man 2T mai kyau ne kuma injin na 50:1 ne, wato kashi 50 na fetur da kashi ɗaya na 2T, mililita 20 ke nan a kowace lita, wato 100 a lita biyar. Yawancin 'yan Caina 25:1 aka rubuta musu, mililita 40 a lita. Masu zuba baƙin man da aka juye daga mota kuwa, su sani toka yake tarawa a ƙofar hayaƙi da salansa, injin ya kasa fitar da numfashi ya rasa ƙarfi, sannan a ɗora wa kafireto laifin da ba nasa ba.

Bayan mai sai matata da tiyo, kamar yadda na faɗa. Tiyon ka lanƙwasa shi ka duba, kar ka tsaya ga kallo daga nesa. In ya yi tauri kamar kara, ko ya yi laushi yana manne wa yatsa, ya gama. Sai matatar iska, wadda ƙurar hunturu da garin icce ke toshewa har injin ya riƙa hayaƙi yana jiƙa fulogi. A wanke ta da ruwan sabulu a bar ta ta bushe sarai.

Akwai wani ciwo da ke ruɗa mutane ƙwarai. Inji ya tashi lafiya, ya yi aiki minti biyar ko goma, ya mutu. Ka bar shi ya huta, ya sake tashi, ya sake mutuwa. Nan take a ce kwayil ne ko kafireto. Da zarar ya mutu, sassauta murfin tanki a hankali ka kasa kunne. In ka ji ya zuƙi iska, fiiit, kuma ya tashi nan take bayan ka rufe, to 'yar ƙofar da tanki ke numfashi ta nan ce ta toshe. Mai na fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har famfon ya kasa ja. Ina gargaɗi a nan: da rana tsaka fetur na tafasa a cikin tanki, in ka buɗe da gaggawa zai feso maka a fuska. Kai injin inuwa, bar shi ya huce, ka kawar da fuskarka.

Fulogi ba ya ƙarya. In bakinsa ya yi launin ƙasa-ƙasa kamar gasasshiyar gyaɗa, cin injin daidai ne. In ya yi baƙi da danshi, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat kamar toka, ajiye injin nan take, yana gab da bugawa. Tazarar bakinsa rabin milimita ce, 0.5. In kuma ka yi ta ja da cok a rufe har mai ya cika shi, cire fulogin, kashe makunni, buɗe cok, ja igiya kamar sau goma ya fitar da abin da ya sha, shanya fulogin ka mayar. Da yawan injinan da ake cewa sun lalace wannan kaɗai ke damunsu.

Sai duk waɗannan sun fita daga zargi nake kwance kafireto, kuma ba a ƙasa cikin rairayi ba. Farin ƙyalle nake shimfiɗawa a kan tire, domin sifirin ɗin da ke ƙarƙashin ƙarfen allura bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, in ya yi tsalle ya tafi ke nan. Robar awo nake fara ɗagawa in murza tsakanin yatsu. Mai lafiya laushi gare ta kamar fatar kunne. Wadda ta mutu tana ƙara kamar busasshen ganye, ko ta kumbura ta yi kwano. Ba ta gyaruwa, ko an jiƙa ta a mai, sai sabuwa. A ɓangaren famfo akwai wata 'yar raga zagayayya, ƙarama kamar ƙwayar wake, a nan dattin da ya tsallake matata ke taruwa, sau da yawa za ka tarar da ita shafe da abu kamar auduga. Allura kuma dubi bakinta, in ya yi zobe inda take zama to tana yoyo, shi ne injin da ke cika da mai ko yana ajiye.

Abu biyu nake roƙon kanikawa su bari. Kar a zura waya ko allurar ɗinki a ramukan mai, ana faɗaɗa su ne, kuma ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa. Kar kuma a kai wa mai faci ya busa da iskar taya, ƙarfinta na fasa ɗan bawul ɗin da ke ciki, daga nan injin ba zai ƙara zama a silo ba. Fetur mai tsabta a sirinji ya isa, ko maganin wanke kafireto na gwangwani. Wajen mayarwa kuma akwai inda ko gwanaye ke tuntuɓe. A ɓangaren awo, fakin, wato shimfiɗar da ke hana yoyo, ke fara kwanciya a jikin kafireto, sannan roba a kansa. A ɓangaren famfo kuwa roba ce ke fara kwanciya, fakin ya biyo. In ka juya su, ka ja igiya har la'asar. Ni kafin in kwance, hoto nake ɗauka da waya a kowane mataki. In za ka sayi sababbin robobi, tafi da tsofaffin ko da lambar da ke jikin kafireton, domin suna kama da juna amma ramukansu ba ɗaya ba ne.

To, sai saiti. Sukuru uku ne. L na ƙaramar wuta, H na babbar wuta, na ukun na silo, a Stihl an rubuta masa LA, a Husqvarna da 'yan Caina T. A L da H, ɗaurewa rage mai ne, sassautawa ƙara mai. A irin tsohon injina ana ɗaure L da H a hankali har su taɓa, ba da ƙarfi ba don bakinsu tsini ne, sannan a sassauta kowanne zagaye ɗaya. Daga nan ake farawa, kuma kowane inji da abin da aka rubuta masa. A bar shi ya yi ɗumi, matatar iska a wanke, sarƙa a ɗaure daidai. In ka danna totur ya yi jinkiri kamar zai shaƙe, sassauta L kaɗan, kwatankwacin kaurin bakin sukundireba, ba rabin zagaye ba. Sannan ka daidaita silo yadda injin zai zauna sarƙa ba ta motsi.

H kuwa da kunne ake yin sa, kuma a nan ne kunnen mutane ke yaudararsu. In ka ba shi wuta duka ba a kan icce ba, na daƙiƙa biyu ko uku, ya kamata ka ji 'yar gargada a muryarsa, burr-burr, kamar mai kurkure baki. Da ka ɗora shi a kan icce sai muryar ta washe ta miƙe. Wannan shi ne lafiya. In kuwa a iska ma muryar ta miƙe siririya tana tsiwa kamar sauro, wadda jama'a ke yabawa, to mai ya yi masa kaɗan, sassauta H tun kafin ka yi yanka ɗaya. Wannan muryar ce ɗan ƙanwata ya ji ya ce ta fi daɗi.

Wani lokaci duk ka yi wannan, injin ya ƙi jin saiti: silo na hawa da kansa, sarƙa na gudu ba ka taɓa totur ba, in ka kwantar da shi a gefe ɗaya murya ta canza. Iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, ko robar wuyan da ke tsakanin kafireto da silinda ta tsage, ko ɗan tiyon bugun iska, ko oyilsil, robar da ke rufe gefen ƙaranshaf, ya saki. Tsofaffin injina sun fi yin haka. Kar a yi ta sassauta sukuru don a rufe ciwon, a tsaya a nemo tsagar. Sarƙar da ke gudu a silo kuwa ba inji kaɗai take kashewa ba, na san wanda ya rasa yatsu biyu ta haka, yana ɗauke da injin daga wannan reshe zuwa wancan.

Edita, ina da roƙo gare ka. Littattafan waɗannan injina da Turanci suke zuwa, mu kuwa da muke sayen na hannu ko littafin ba ma gani. Yaran da ke shiga sana'ar nan yawancinsu suna karanta Hausa a waya. Da jaridarku za ta ware ko rabin shafi a wata, a riƙa kawo bayanin injin yankan icce da injin ban ruwa da ƙaramin janareto, da hoto a nuna ga L ga H ga inda tiyo ke tsagewa, da masu noman rani a fadamun Rima da Goronyo da mu 'yan icce duk mun amfana. In kuna buƙatar hoton fistin da ya buga, nawa na nan a cikin akwatin kayan aiki, ban jefar ba. Shi nake fara miƙa wa duk yaron da aka kawo mini koyo, in ce ya bi zanen da farcensa, kafin in bar shi ya riƙe sukundireba.

Wassalam.

Naku,
Mai yankan icce,
Mabera, Sakkwato.